Wai yaya kuke yi da ƙananan abubuwan ban haushi na kullum?

Maman_Ilham:
Slm jama'ar gida. Tambaya gare ni, kuma dan Allah amsar gaskiya nake so. Ba babban ɓacin rai nake nufi ba irin rashi ko asara, wannan kowa ya san sai tawakkali. Ƙananan nan nake nufi waɗanda in ka ba wani labari ma dariya zai yi maka, ka ɗora girki gas ya ƙare, ka saka caji a ɗauke wuta, ka sauka mai adaidaita ya ce ba shi da canji, yaro ya kifar da jarkar ruwan da ka saya yanzun nan. Ɗaya ɗaya ba komai ba ne amma kafin la'asar sun taru sun tokare min wuya, ƙarshe wanda bai ji ba bai gani ba shi zai sha faɗa, yawanci yara. Ku haɗiyewa kuke yi ko fitarwa kuke yi? Kuma wanne ya fi?

DanKurmi:
Wa alaikumus salam. Haƙuri maganin zaman duniya Hajiya.

Maman_Ilham:
@DanKurmi ai na san da wannan za a buɗe 😂 Malam yadda ake yin haƙurin nake tambaya, ba sunansa ba

Sarkin_Sahu:
Hajiya tunda kin ambaci masu adaidaita bari na kare kanmu. Ni direba ne a Kano, Kurna zuwa Bata nake yi, wlh in da zan biye wa zuciya da kullum sai an je raba ni da wani. Fasinja ya tsayar da kai tsakiyar titi, na bayanka ya danna maka hon kamar ka ci masa bashi, wata ta shigo da buhun kaya ta ce ita kuɗin mutum ɗaya za ta biya, ga balas ɗin mai keke yana jiranka da yamma ko ka samu ko ba ka samu ba. Da na zauna na lura sai na ga yawancin faɗan da nake yi a kan canji ne da kuma farashi. Yanzu kafin na fito sai na biya wajen mai shayi ya canja min 'yan ɗari-ɗari da hamsin-hamsin na zuba a aljihun gaba, kuma tun mutum bai ɗora ƙafa ba nake faɗa masa kuɗin, in bai yi masa ba Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Ba wai zuciyar ce ta canja ba, tana nan yadda take, ƙofar da rigimar ke shigowa na rufe.

Abu_Hanif:
Allah ya saka da alheri da wannan tambaya. Addini bai ce a yi haƙuri kawai ya yi shiru ba, ya faɗi abin da za a yi a aikace. Wani mutum ya zo ya ce wa Manzon Allah (SAW) ka yi mini wasiyya, ya ce masa kada ka yi fushi, ya yi ta maimaita tambayar yana maimaita masa wannan amsar, yana cikin Bukhari kuma shi ne hadisi na 16 a Arba'una da muka haddace a islamiyya. Sannan a hadisin Sulaimanu bin Surad wasu mutum biyu suna zage-zage fuskar ɗaya ta yi ja, Annabi (SAW) ya ce ya san kalmar da in ya faɗe ta abin da yake ji zai tafi, wato a'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. A Abu Dawuda kuma an ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta. Ki gwada na zaman nan Hajiya, da wuya mutum ya ci gaba da ɗaga murya yana zaune a kan tabarma, faɗa tsayuwa yake so.

Ummu_Sudais:
Malam ka manta alwala, an ce fushi daga shaiɗan ne shi kuma da wuta aka halicce shi ruwa ke kashe wuta

Ɗalibin_Ilimi:
@Ummu_Sudais wannan na alwalar akwai magana a kan isnadinsa, wasu malaman hadisi sun raunana shi, cikinsu har da Albani. A dai riƙa tantancewa kafin a jingina.

Ummu_Sudais:
To Malam na ji, amma ni dai ina yi kuma yana min aiki, ko ba komai na bar wajen na tafi bakin famfo, kafin na wanke ƙafa na huce rabi

Abu_Hanif:
Duk ku biyun kuna da gaskiya, kada mu yi fushi a muhawarar hana fushi 😄

Uwargida_RanGida:
Ni fa ina da ja. Mu mata tun ranar da aka kai mu ɗaki abin da gwaggo da inna suka faɗa mana kenan, yi na yi bari na bari, ki yi haƙuri, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Muka yi ta haɗiya muka yi ta haɗiya. Je ki layin masu hawan jini a kowane asibiti ki ƙirga matan da ke zaune. Ni yanzu na daina, abu in ya ɓata min rai a take nake amayar da shi ko waye, in na gama na sha ruwa na kwanta barcina lafiya lau. Wanda ya ji haushi shi ma ya faɗi nasa.

Baban_Khalifa:
Tab. Hajiya ke kin yi barci lafiya, mutanen gidan fa?

Uwargida_RanGida:
Su ma su koyi daina taɓo ni mana Alhaji

Nas_Zee:
Bari na sa baki ta ɓangaren aikina. Anti Uwargida hawan jini ba haɗiye fushi kaɗai ke kawo shi ba, akwai gado, akwai gishiri da dunƙulen miya da muke zubawa ba lissafi, ƙiba, rashin motsa jiki, shekaru. Damuwa mai tsawo tana taimakawa, wannan gaskiya ne. Amma masifa ma ba ta sauke jini, hasali ma lokacin da kike tsaka da ita ne yake hawa. In ran mutum ya ɓaci jiki na sakin wani sinadari da ake kira adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama, tafin hannu ya yi gumi, wani har muryarsa rawa take. Jiki ya shirya dambe kenan ko da abin da ya faru cokali ne ya faɗi. Kuma ba ya sauka nan take sai ya ɗau mintuna, shi ya sa in wani abu na biyu ya faɗo a cikin wannan tsakanin sai ka ga mutum ya fashe a kan abin da bai kai ya kawo ba. @Maman_Ilham abin da ke faruwa da ke kenan, na safe bai gama sauka ba na hantsi ya hau kansa.
Abin da nake yi a wajen aiki in ɗan jinya ya zo min da zafi, ina jan numfashi ta hanci sannan na sake shi a hankali ya fi na shaƙar tsawo, domin lokacin fitar da numfashi bugun zuciya na ɗan raguwa. Babu wanda zai ma san kina yi. Sannan ki duba abu uku, kin ci abinci? kin sha ruwa? awa nawa kika yi barci? Babba na buƙatar kamar awa 7 ko fiye, mu kuwa sai mu kai ƙarfe ɗaya muna latsa waya mu tashi asuba.

Bagobiri_Na_Sakkwato:
Malama Nas ki ƙara da zahi. Mu nan Sakkwato watan Afrilu da Mayu sai a wuce digiri 40, in anka ɗauke wuta da dare ba mai barci, ɗaki kamar tanda, da sahe kowa ya hito ido ja. Ko sallama kac ce ma mutum sai ya ce mi kake nuhi. Amma da damina ta sauka ka ga mutane sun koma mutanen kirki, wanda kunka yi hwaɗa da shi ma ya manta.

Kwamared_Talaka:
Ku dai kuna ta zagaye-zagaye. Numfashi, alwala, ruwan sanyi. Maganar gaskiya aljihu ne. Kafin 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, cikin kwanaki ta haura 500, zuwa ƙarshen 2024 ta wuce dubu a wurare da yawa. Kuɗin mota ya hau, kwanon masara ya hau, kuɗin makaranta ya hau, albashi na tafiyar hawainiya. Mutumin da ya fito gida ya bar cefanen da ya san ba zai isa ba, shi za ka ce wa ya ja numfashi? Jarkar ruwan da yaron Hajiya ya zubar da a ce famfo na zuwa da ko kallonsa ba za ta yi ba. Ba jarkar ce ta ba ta haushi ba, kuɗin jarkar ne. A gyara ƙasa ku ga in fushi bai ragu ba.

Hajjo_Yola:
Kwamared ka faɗi gaskiya wlh

Baban_Khalifa:
Gaskiya ce amma ba duka ba. Na yi aiki a ƙarƙashin wani mai kuɗi da ko farashin mai bai sani ba, direba ke sha masa, amma ban taɓa ganin mai saurin hawa irinsa ba, shayi in ya huce kaɗan sai gidan ya kama da wuta. Kuma ga mai gadinsa dattijo da albashinsa bai taka kara ya karya ba, kullum da fara'a. Sannan Kwamared kafin a gyara ƙasar yaran Hajiya su ci gaba da shan faɗa kenan? Ai haushin kaza huce kan dami ake yi, wanda ya ƙara kuɗin mai ba ya jin ihun da ake yi a tsakar gida.

Kwamared_Talaka:
Ban ce a huce kan yara ba Alhaji. Cewa na yi kada a mayar da matsalar kamar laifin zuciyar talaka ce shi kaɗai.

Injiniya_Sadiq:
A kan maganar fitarwa ko haɗiyewa akwai binciken da aka yi. Wani farfesa a jami'ar jihar Ohio ta Amurka, Brad Bushman, tun 2002 ya gwada mutane, aka ɓata musu rai sannan aka sa wasu su yi ta naushin buhun 'yan dambe suna tuna wanda ya ɓata musu, wasu kuma aka bar su zaune ba su yi komai ba. Waɗanda suka yi naushin sun fi fita da fushi. A 2024 kuma shi da wata abokiyar aikinsa suka tattara bincike 154 suka duba, abin da ya fito shi ne abubuwan da ke kwantar da jiki kamar jan numfashi a hankali da natsuwa su ke rage fushi, masu ƙara tayar da jiki kuwa ba sa ragewa, gudun motsa jiki ma ƙara shi ya yi. To Anti Uwargida sauƙin da kike ji bayan kin amayar ɗin na ɗan lokaci ne, kuma jiki sabawa yake.

Uwargida_RanGida:
Ɗana su Bushman ɗin sun taɓa zama da kishiya da dangin miji a gida ɗaya? A kawo su nan su yi wata guda sai su sake rubutawa

Hajjo_Yola:
😂😂😂 Anti kin kashe ni

Abu_Hanif:
Hajiya Uwargida ina ganin ba a fahimci juna ba ne. Ayar Ali Imrana ta 134 ta yabi masu haɗiye fushi da masu yafe wa mutane, amma ba a ce wanda ake zalunta ya rufe baki har abada ba. Nana A'isha ta ce Annabi (SAW) bai taɓa ɗaukar fansa don kansa ba sai in an keta dokar Allah. Ana iya haɗiyewa a lokacin da jini ke tafasa, in an huce a zauna a faɗi magana a gyara. Abin da ya cuci iyayenmu mata da yawa shi ne an ce su yi na farkon, ba a ba su damar na biyun ba. Wannan kuma laifinmu ne mu maza da iyaye, ba na haƙuri ba.

Uwargida_RanGida:
To yanzu ka yi magana Malam. Sai dai in ka huce ka je yin maganar a ce miki ai ya wuce kina tone-tone. Shi ya sa nake yi da zafinsa.

Malama_Firamare:
Ni yara sama da abin da aji ya kamata ya ɗauka nake koyarwa, fanka babu, alli ma wani lokaci da kuɗina. Dabarar da wata tsohuwar hedimasta ta koya min ita ce in hayaniya ta yi yawa kada ki ɗaga murya, ki rage ta. Sai na tsaya gaban allo na yi shiru ina kallonsu, na gaba su fara zungurar na baya, sannan na fara magana ƙasa-ƙasa dole su yi tsit don su ji. Na kawo ta gida ma tana aiki. Wani abu kuma @Maman_Ilham, yaro in ya yi ɓarna ki ba shi aikin gyarawa maimakon faɗa, ya zubar da ruwa ga tsumma ya goge, ya ɗauki bokiti ya bi yayansa su ɗebo. Ke kin samu abin faɗa wanda ba zagi ba, shi kuma ya ji a jikinsa. Don zagin nan na uwa ina jin tsoronsa, bakin uwa ba abin wasa ba ne.

Meenal_04:
nikam waya ce matsalata ba mutanen gida ba. mutum ya turo maka sakon murya na minti bakwai, ko a guruf din dangi wani ya jefo magana kasan dakai yake. da sai na zauna na rubuta amsa doguwa har hannuna na rawa. yanzu ina rubutawa amma a wajen ajiye rubutu na wayar ba a guruf din ba, na barshi zuwa safe. wlh mafi yawa da safe in na karanta kunya nakeji na goge. kuma duk guruf din dake tayar min da hankali na kashe masa kara

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Mu nan in rai ya ɓaci fada muke tahiya wajen abokai a ɗora shayi a kan gawayi. Kahin a yi na fari a yi na biyu a kai na ukku an ɗau lokaci mai yawa, ka faɗi abin da ke ranka an yi maka dariya an ba ka baki, ka koma gida sakayau. Matsalar ita ce mata ba su da irin wannan wurin, suna cikin gida da abin da ya ɓata musu rai ido da ido.

Nas_Zee:
@Ɗan_Maraɗi zaman da hirar na yarda da su, amma shayin nan mai kauri da dare da goro duk suna da sinadarin da ke hana barci, gobe kuma a tashi da saurin fushi. A riƙa yi da wuri.

Ɗan_Maraɗi:
Malama a bar mana shayinmu don Allah, shi kaɗai ya rage 😅

Dattijo_Fagge:
'Ya'yana na karanta duka. Abu ɗaya zan ƙara saboda na ga abin da ya yi wa mutane. Duk abin da za ku yi cikin fushi kada ku yanke hukunci, kada ku furta saki, kada ku yi rantsuwa, kada ku ce wa yaro ya bar muku gida. Magana zarar bunu ce. Na zauna a sulhu da dama inda namiji ke kuka da hawaye yana neman malamin da zai ce masa sakin bai yiwu ba, kuma in ka bi asalin rigimar sai ka tarar gishiri ne ya yi yawa a miya ko an bar ƙofa a buɗe akuya ta shiga. Mahaifinmu Allah ya jiƙansa in aka ɓata masa rai buta yake ɗauka ya fita, ba ya dawowa sai bayan isha'i, ya zauna ya ci tuwonsa sannan ya kira mai laifin. Mun fi tsoron wannan kiran a kan bulala.

Sarkin_Sahu:
Allah ya ƙara girma Baba

Kwamared_Talaka:
Baba Allah ya jiƙan mahaifi. Amma ka lura shi yana da inda zai fita, kamar yadda ɗan Maraɗi ya faɗa. Matar da ke ɗaki ɗaya da yara biyar a gidan haya ina za ta ɗauki buta ta je?

Maman_Ilham:
Kai jama'a na gode, ban zaci abin zai yi tsawo haka ba. Na Sarkin Sahu ya shige ni, don in na duba nawa ma kusan a wuri ɗaya suke taruwa, safiya lokacin shirin makaranta, wannan ba ya ganin safa wancan ba ya ganin takalmi ga abin kari a wuta. Zan gwada haɗa komai tun dare. Na Malama ma zan gwada duk da ban san ko autana zai gane shiru ba, shi in ka yi shiru ɗauka yake an ba shi fili. Amma har yanzu ban gamsu ba a kan haɗiyewa da fitarwa, don Anti Uwargida ma tana da hujja, sau nawa na bari sai na huce ƙarshe maganar ta bi ruwa abin kuma ya sake faruwa. @Nas_Zee kin tsorata ni da maganar jini, ina yawan jin ciwon kai ta ƙeya in raina ya ɓaci.

Uwargida_RanGida:
Ƙanwata ki dai riƙa faɗa, ko da murya ƙasa-ƙasa ce irin ta Malama, amma a ranar

Baban_Khalifa:
A ranar amma ba a mintin ba, ko mu tsaya a nan Hajiya?

Uwargida_RanGida:
Ya danganta da wanda ya taɓo ni Alhaji

Nas_Zee:
@Maman_Ilham ciwon kai shi kaɗai ba ya nuna hawan jini, da yawa ma masu shi ba sa jin komai, shi ya sa sai an gwada ake sani. Ki je asibitin sha ka tafi ko babban kemis, kada ki sha shayi ko ki ci goro rabin awa kafin nan, ki zauna ki huta minti 5 sannan a ɗaura. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a sake gwadawa wata rana, in ya maimaita ki ga likita, kada ki sayi magani da kanki. Ki kuma faɗa masa in kina yawan jin faɗuwar gaba ko rama ko gumi ba dalili, akwai ciwon maƙoƙo da ke sa saurin fushi, gwajin jini ake yi a gano shi.

Hajjo_Yola:
Nas ni ma tambaya gare ni amma ta mai ciki ce, in turo nan ko ta akwati?

Nas_Zee:
Turo ta akwati Anti, ina dutin dare yau zan duba in na samu sarari